RABON RUWA A KOGIN KANO DA HAƊEJA

Kowa ya san yadda shekara ta ke a ƙasarmu. Ruwan sama ya kan sauka sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'an nan ya ɗauke, a shiga kaka, a shiga ɗari, a shiga bazara, wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigo ba. Manomin da ya dogara ga damina kaɗai, da aikin wata huɗu zai ci da iyalinsa har shekara ta kewayo. In kuwa damina ta yi gardama, sai ya sayar da akuyarsa, ko ya ɗauki sanda ya tafi cin rani. Saboda haka ne noman rani ya zama babban al'amari ga talakawa da Gwamnati baki ɗaya.

Amma ruwan da a ke noman rani da shi ba shi da yawa kamar yadda ido ke gani, masu bukatarsa kuwa kullum ƙaruwa su ke yi. Nufinmu a wannan bayani mu bi kogi guda, watau Kogin Kano, wanda ya ke zama Kogin Haɗeja, daga madatsar Tiga har fadamun Nguru, mu nuna cewa gina madatsa rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun manoma, ga yadda suka shirya rabon ruwa a tsakaninsu, da yadda su ke kula da hanyar da ya ke bi ya iso gonakinsu.

DAGA JIGO ZUWA MADATSA

Ban-ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni masu lambu su ke kafa jigo a bakin rafi ko a kan rijiya, su ja ruwa da guga su zuba a fangali, su sami albasa da alkama da tattasai. Sai dai jigo da ƙarfin damtse ya ke aiki, mutum ya yini yana ja bai shayar da abin da ya wuce ɗan fegi ba. Saboda haka lambu bai faɗaɗa ba, rigimar ruwa ma ba ta cika tashi ba, domin ba mai iya ɗibar abin da zai hana maƙwabcinsa.

Al'amari ya sake a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A farkon shekarun 1970 aka fara gwajin ban-ruwa na zamani a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda. Ana cikin haka sai ga babban fari na 1972 da 1973, wanda ya kashe dabbobi ya ƙone amfanin gona, ya sa kowa ya yarda lalle a tare ruwan damina a ajiye domin rani. Cikin 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano. Tsawon bangonta wajen kilomita 6 ne, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa kusan mita kubik miliyan 2,000. Mita kubik ɗaya shi ne cikin ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne, watau lita 1,000, ko duro 5. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

An shirya kashi na farko na wannan aiki ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce. Ruwa ya kan baro Tiga ta babbar magudana, gangara ce ke tafiyar da shi ba inji ba, ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, daga nan ya shiga matsakaitan magudanai, sa'an nan ƙanana, har ya iso bakin gonar mutum. An kuma haƙa tafkuna inda ruwan da ya zo da dare zai kwana, a sake shi da safe. Amfanin da aka samu ba mai musunsa. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga kore shar inda dā sai ƙura, ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ya ga yadda Kura ta zama garin shinkafa.

NA KAI DA NA GINDI

To, ina matsalar ta ke? Tana can a ƙaramar magudana, wadda manoma ashirin ko talatin su ke sha daga gare ta. Wanda gonarsa ke kai, kusa da ƙofar ruwa, shi ruwa ke fara tararwa. In ya ga dama ya tare hanya da buhun ƙasa, ya cika gonarsa har ta yi ambaliya. Wanda ke gindi kuwa sai ya zauna yana jiran ragowa, ga alkamarsa ta fara fid da kai, lokacin da ƙishirwar kwana kaɗan ke rage mata ƙwaya. In haƙurinsa ya ƙare, sai ya fito da dare ya fasa gefen magudana, ko ya karya ƙofa. Da safe ruwa ya malale a hanya, kowa ya yi asara.

Wani abin kuma, ƙaramar magudana ta ƙasa ce. Kowace shekara laka da yashi su kan taru a cikinta, ciyawa ta tsiro, ruwa ya rage gudu. Na kai bai damu da yasarta ba, domin ko ta toshe shi yana samu. Na gindi ba ya iya yashe ta shi kaɗai. Kowa kuma ya ɗauka kayan Gwamnati ne, ita za ta zo ta gyara. Hukuma kuwa ba ta da ma'aikata ko kuɗin da za ta bi kowace ƙaramar hanya, balle da ya ke kuɗin ruwan da a ke karɓa bai kai na gyara ba, wasu ma ba sa biya. Manomi ya ce ba zai biya ba sai ya ga ruwa, hukuma ta ce ba ta iya gyara sai an biya. Haka abin ya yi ta zagayawa shekara da shekaru.

Kada a zaci na kai ya tsira. Gonar da a ke cika wa ruwa fiye da kima, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kan taso ya jiƙe ta, saiwa ta ruɓe, kanwa ta fito fari fat a kan ƙasa. Ruwan da ya kwanta kuma shi ke haifar da sauro, da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke kama yaran da ke wanka a magudana. Watau ruwan da aka hana na gindi, shi ne ya koma ya zama wa na kai cuta.

ƊAN LISSAFI

Ya kamata malamai su riƙe wannan lissafi, domin da shi a ke gane nauyin maganar. In ruwa ya rufe hekta ɗaya zurfin milimita 1, an zuba mita kubik 10 ke nan. Alkama tana bukatar milimita 450 zuwa 650 daga shuka zuwa girbi, watau mita kubik 4,500 zuwa 6,500 a kowace hekta. In aka auna da duro, ya kama daga 22,500 zuwa 32,500. Wannan fa abin da shukar ta sha ne kawai. Wanda ya tsiyaye a magudanar ƙasa, da wanda rana ta ɗauke, da wanda ya malale, ba ya ciki, kuma a irin wannan ban-ruwa sau da yawa rabin abin da aka sako ba ya isa ga saiwa. Shinkafa kuwa, da ya ke a cikin ruwa ta ke tsayawa, ta kan ci ninki biyu na alkama ko fiye. Saboda haka in mutum biyar na kai suka shuka shinkafa da rani ba tare da shawarar sauran ba, sun cinye rabon mutum goma ke nan, ko da ba su tare hanya ba.

KOGI MA YANA DA KAI DA GINDI

Abin da ke faruwa a ƙaramar magudana, shi ke faruwa a kogin gaba ɗaya. Kogin Kano ya kan haɗu da na Calawa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Ya wuce Haɗeja ya bazu cikin fadamun da ke tsakaninta da Nguru, sa'an nan ya gamu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe. Shi ne ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, inda mutanen Diffa ke noman tattasai, har ya faɗa Tafkin Cadi. Cikin 1992 aka gama wata babbar madatsa a kan Kogin Calawa a ƙasar Ƙaraye, mai riƙe fiye da mita kubik miliyan 900. Ita da Tiga ke riƙe da mafi yawan ruwan Kogin Haɗeja, kuma daga wannan ruwa birnin Kano ke sha.

Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suna da nasu tsarin tun kafin madatsa. In kogi ya cika da damina ya malale, sai su shuka shinkafa. In ruwa ya fara janyewa, su bi danshi su shuka wake da sauran kayan rani. Masunta su kama kifi, makiyaya su sauko da shanu in ciyawar tudu ta ƙare. Da aka tare ruwa a sama, ga kuma fari na 1983 da 1984, sai ambaliyar ta ragu ƙwarai. A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da abokan aikinsa, suka auna amfanin da a ke samu daga ruwa a wurare biyun. Suka tarar cewa in aka haɗa noma da kifi da itacen wuta, abin da mita kubik ɗaya ke haifarwa a fadama ya ninka abin da ya ke haifarwa a gonakin Kadawa sau da yawa.

Sa'an nan ga kacala. Dā can kogi ya kan bushe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da madatsai suka riƙa sakin ruwa rani da damina, sai wannan doguwar ciyawa ta sami wurin zama, ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwa ya karkata ya bi hanyar Marma ya mamaye gonaki da ƙauyuka wajen Nguru, alhali kuwa mutanen hanyar Burum Gana suna kukan rashinsa. Tsuntsayen jan-baki kuma suka mai da kacala gida, suna fitowa suna cinye hatsi. Abin lura a nan shi ne, cikin shekarun 2000 ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗu sun yi gayya, suka shiga ruwa da adda da lauje suka buɗe wasu hanyoyin da suka toshe, ruwa ya koma inda ya daɗe bai je ba. Cikin 2006 kuma aka yi taro a Damaturu, jihohi 6 da ke kan wannan ruwa, watau Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka yarda da tsari guda na kula da shi, aka kafa asusu domin haka.

ƘARAMIN INJI

Wani zai ce, ai manomi ya sami mafita, tun da ga ƙaramin injin ban-ruwa. Gaskiya ne, tun daga shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona, irin su KNARDA a Kano, suka yaɗa gajerun rijiyoyi na bututu da ƙananan injuna masu shan fetur, sa'an nan shirin Fadama, wanda aka fara cikin 1993 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara yaɗa su ta hannun ƙungiyoyin manoma. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma inji ya yi wa talaka abin da jigo bai taɓa yi masa ba. Yanzu ma ga masu aiki da hasken rana suna shigowa.

Amma ruwan da ke ƙarƙashin fadama ba daga wani wuri dabam ya zo ba. Kogi da ambaliyar damina ne ke nutsewa su cika shi. In ambaliya ta ragu, injuna kuma suka yawaita, sai ruwa ya yi ƙasa, kuma irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Mai hali ya ƙara zurfi ya sayi babban inji, marar hali ya bar gonarsa. Ashe ko mai inji bai fita daga maganar rabo ba.

ƘUNGIYAR MASU SHAN RUWA ƊAYA

Cikin 2014 Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya suka fara shirin da a ke kira TRIMING, aka gyara magudanai a Kogin Kano da kwarin Haɗeja, da Bakolori da Goronyo da Daɗin Kowa. Babban sharaɗin shirin shi ne manoma su kafa ƙungiyoyi, kowace ƙungiya ta ƙunshi waɗanda ke sha daga hanya ɗaya, su karɓi kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa, hukuma kuwa ta riƙe madatsa da manyan hanyoyi. Tsarin yana da kyau. Sai dai ƙungiyar da aka kafa domin a karɓi baƙi a ɗauki hoto ba ta kai labari. In kuɗin shiri ya ƙare, ita ma ta ƙare.

Mene ne ke sa ƙungiya ta ɗore? Wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda aka ba lambar Nobel ta ilmin tattalin arziki cikin 2009, ta yi shekaru tana binciken wannan tambaya a ƙasashe da yawa. A Nepal ita da abokan aikinta sun tarar cewa hanyoyin ruwan da manoma ke gudanarwa da kansu, ko da na ƙasa da duwatsu ne, sun fi kai ruwa ga na gindi bisa ga waɗanda hukuma ta gina da siminti ta ke kuma gudanarwa. In muka ɗauki abin da ta gano muka auna da halin ƙasarmu, ga abin da ya fito.

Na farko, a san ko su wane ne 'yan ƙungiya, da girman gonar kowa, a rubuce, har da masu haya da masu aro, da matan da ke da gona.

Na biyu, a raba ruwa bi da bi, da agogo. A Punjab ta Indiya da Pakistan an daɗe ana raba awoyin mako ga manoma gwargwadon girman gona, kowa ya san ranarsa da sa'arsa. Misali, in ana ban-ruwa awa 12 a yini, mako yana da awa 84. In magudana tana shayar da hekta 21, kowace hekta ta sami awa 4, mai rabin hekta awa 2, mai rubu'i awa 1. A ɗan ƙara wa na gindi saboda abin da ke tsiyayewa a hanya, wani mako kuma a fara daga gindi a hauro.

Na uku, a zauna kafin shuka a yarda da abin da za a shuka da lokacinsa, bayan an ji daga hukuma yawan ruwan da za a saki a wannan rani.

Na huɗu, a sa ranar yasar magudana kafin a saki ruwa, kowa ya fito ko ya aiko ɗansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, a naɗa mai tsaron ƙofa daga cikin manoman, ya fi kyau ya zama na gindi, a biya shi daga kuɗin ƙungiya. Horo kuma ya zama daki-daki: gargaɗi da farko, sa'an nan tara, sa'an nan a hana mutum zagaye ɗaya. Kuma ya hau kan mai kuɗi kamar yadda ya ke hawa kan talaka.

Na shida, a yanke rigima nan da nan, kusa da gida. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen, manoma 8 da 'yan'uwansu suka zaɓa su kan zauna kowace Alhamis da tsakar rana, su saurari ƙarar ruwa da baki, su yanke hukunci a nan take, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a kan haka. Mu ma muna da mai unguwa da dagaci da sarkin noma. Malamanmu na fiƙihu kuma sun daɗe da sanin hukuncin ruwan da ke gangarowa: na sama ya shayar har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan wajibi ne ya sakar wa na ƙasa.

A kan waɗannan mu ke ƙara ɗaya. A bar wa makiyaya burtali da mashaya tun ranar da a ke shata gonaki. Saniyar da ba ta sami hanyar ruwa ba za ta bi ta cikin albasa, ta rushe gefen magudana, daga nan kuwa sai abin da Allah ya kiyaye.

RABON AKAWU DA MALAMI

Duk waɗannan sharuɗɗa a kan alƙalami su ke tsayawa. Yawancin ƙungiyoyin da suka watse, zargin kuɗi ne ya watsa su. Tun zamanin En'e akawu ne mai riƙe littafin gunduma, ya san yadda a ke rubuta shiga da fita, da yadda a ke yanka rasit. Akawun ƙaramar hukuma da ya ba da yamma ɗaya a wata ya koya wa magatakardan ƙungiya riƙon littafi uku, na sunaye da gonaki, da na zagayen ruwa, da na kuɗi, ya yi wa ƙauyensa aikin da ya fi kyautar inji. A kuma karanta littafin kuɗin a bainar jama'a sau biyu a shekara, kowa ya ji da kunnensa.

Mu kuma da ke aikin ilmi, darasi ya zo mana har gida. Yaran da ke gabanmu 'ya'yan waɗannan manoma ne. Maimakon lissafin da ba ya taɓa rayuwarsu, a sa su auna gonar makaranta da igiya, su fid da girmanta, su lissafa duro nawa za ta sha, su rubuta jadawalin zagayen ruwa na magudanar ƙauyensu. A sa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili a auna ruwan sama kowace safiya, a rubuta. A nuna musu a taswira inda ruwan da ya wuce ƙofar gidansu ya ke zuwa, su san akwai yara irinsu a Nguru da Gashuwa da ke jiransa. A kuma gargaɗe su game da wanka da fitsari a magudana, wanda ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, domin tsargiya tana da magani.

Madatsar Tiga ta haura shekara 50, laka tana taruwa a cikinta, mutanen da ke dogara gare ta kuwa sun ninka na ranar da aka buɗe ta. Ba mu da ikon ƙara ruwan sama, amma muna da ikon gyara rabon wanda ya sauka. Muna roƙon kowane malami da kowane akawu da ke zaune kusa da wurin ban-ruwa, kafin a saki ruwan rani mai zuwa, ya je ya tambayi shugabannin manoma ko suna da littafi, ko suna da jadawali, ko an sa ranar yasa. In babu, ya zauna da su a fara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu adalcin raba abin da ta bari.